In An Goge Muryata, An Goge Laifinsa

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo daga Gwandu, ta ce a ɓoye sunanta. Ga shi yadda ta rubuto, ban taɓa komai ba.

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san wa'azi kawai ya zo yi ya riƙe abinsa, na sha shi har ya ginshe ni. Ban yi boko ba, ɗan karatun da na iya da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa rubutun nan ya ci mini lokaci. Admin ta ce in turo da murya ya fi sauƙi, na ce a'a, na daina ba kowa muryata, in kun karanta za ku ga dalili. Sunayen da zan faɗa duk ba nasu ba ne.

Ni mai suyar kifi ce a bakin tasha. Ina sarowa wajen masunta ta gefen Diggi, in gyara, in soya, in sayar. Ina ɗauke da ƙanjamau. Na faɗa tun farko don kada wani ya tsaya kewaye-kewaye a kwament. Mijina direban babbar mota ne, albasa yake kaiwa Kudu, shi ya kawo mini ita har cikin ɗaki. Ya san yana da ita ya yi shiru, yana shan maganinsa a ɓoye a hanya, ran da ya ga dama ya sha, ran da bai ga dama ba ya bari, har ta kwantar da shi. Ni ban san komai ba sai da jaririna na ƙarshe ya ƙi ƙiba, ya yi ta zawo, aka auna shi aka auna ni. Yaron ya tafi, damina ba ta zagayo ba ubansa ya bi shi. Mutane suka ce ciwon hanta ne, na bar su a kan haka. Ni ban mutu ba. Na rame har zani na neman zamewa daga ƙuguna, mata na leƙo ni suna komawa suna cewa saura ita, na tashi na koma gaban kaskona. Magani a Birnin Kebbi nake karɓa, ba na karɓa kusa da gida, kuma ban taɓa tsallake shi ba, yanzu likita ya ce ƙwayar ta kwanta har na'ura ba ta ganinta. Ɗiya ɗaya ta rage mini, Zulai, ita tun kafin abin ya shigo gidan aka haife ta, an auna ta lafiyarta lau. Ba ta san komai ba, ta ɗauka maganin hawan jini nake sha.

Mutum ɗaya ne a dangi ya sani, Bashiru, ƙanen mijina, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu ne kaɗai maza a gidansu. A hannuna ya girma. Lokacin da aka kawo ni yana firamare, ni ke wanke masa yunifom, ni ke ɓoye masa ƙanzo don ya fi son shi da tuwon, ni ke shiga tsakani in yayansa ya ɗauki bulala. Yana ce mini Yaya, ina ce masa maigida ƙarami, irin wasan matar wa da ƙanen miji. Shi ya riƙa raka yayansa asibiti a ɓoye tun ni ban san akwai ciwon ba. Da bakinsa ya gaya mini haka bayan an share makoki, yana kuka, ya ce Yaya ki yafe mini, rantsar da ni ya yi. Na yafe. Ya ci gaba da karatu a Kalgo, fannin kwamfuta, in ya zo gida ba ya komawa sai da ledar kifi da yaji. Ba gori nake ba, ina faɗa ne don ku san wane ne.

Bara waccan ya zo mini da wata magana. Ya ce shi da wata malamarsu, Malama Rifkatu, Kirista ce 'yar ƙasar Zuru, da wasu ɗalibai, suna haɗa manhajar waya da za ta riƙa magana da Hausa tana tuna wa irinmu lokacin shan magani, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Suna son mace da ta daɗe da ciwon ta ba da labarinta, don wanda aka gaya wa jiya ya ji cewa ana rayuwa. Ya ce za a sauya muryar, a cire suna, a cire gari, ko ni ba zan gane kaina ba. Na ce a'a. Ya dawo, na ce a'a. Sai ya kawo Malama har wurin sana'ata, ta zauna a benci cikin hayaƙi tana share ido da gefen gyale, ta jira masu saye suka watse, ta ce Mama ba dole, amma na san wata yarinya da aka gaya wa, ta koma gida ta juya wa bango fuska ta daina cin abinci har ta mutu, ba ciwon ya kashe ta ba, ba ta taɓa jin wanda ya rayu da shi ba ne. Na tuna ranar da aka gaya mini. Na yarda.

A ɗakina aka ɗauka, da wayar Bashiru, Zulai ta tafi Islamiyya. Ni kuma ban iya rabin magana ba, ko in yi shiru ko in faɗi duka. Da na buɗe baki na faɗi sunana, sunan mijina, unguwarmu, sunan jaririn, kwalbar maganin da na tsinta a aljihun motar bayan ya kwanta, da abin da na ce masa ranar da na gane. Abubuwan da ko uwata ban gaya wa ba. Na tsaya na ce kai, na yi yawa. Bashiru ya ce ba komai Yaya, saki jikinki, duk yankewa za a yi. Aka yanke kuwa. Wanda suka sa a manhajar na ji shi, muryar wata ce mai kauri, babu suna babu gari, har dariya na yi na ce wannan ai gardi ne. Na ce to ɗanyen fa, wanda ba a yanke ba? Ya ce ya goge. Ya nuna mini wayar, babu.

Makon jiya Malama ta kira ni ta ce in zo Kalgo, ba maganar waya ba ce. Na sauke kasko na shiga mota. Na same ta a ofishinsu, ɗan ɗaki ne da fanka da kwamfutoci, ta sallami ɗaliban ta tura ƙofa, idonta ja. Zan faɗa muku yadda ta yi mini bayani, in na kuskure masu ilimin abin su gyara. Ta ce aikin nasu ba a waya yake zaune ba, yana wani wuri a intanet da suke ce wa rifo, ni dai rumbu na fahimta, kuma haka zan riƙa kiransa. Duk wanda ya ƙara wani abu a aikin sai ya zuba a rumbun, rumbun kuma ya riƙe sunansa, da ranar, da 'yar maganar da ya rubuta a gefe don bayanin abin da ya zuba. Bambancinsa da rumbun gero, shi ba ya mantuwa. In ka zuba abu yau ka kwashe gobe, a sama ba za a gan shi ba, amma yana nan ƙasa, duk wanda ya tona baya zai ciro shi cif yadda yake. Da gangan aka yi shi haka, wai don in aiki ya lalace a koma na jiya. Suna ce wa wannan tarihi. Kuma duk wanda ke cikin aikin yana da cikakken rumbun a kwamfutarsa, da tarihin tun daga tushe.

Bashiru ya zuba ɗanyar muryata a ciki tun ranar da aka ɗauka. Daga baya ya kwashe, ya ɗauka shi ke nan. Rumbun kuwa duk tsawon lokacin nan ƙofarsa a buɗe take, kowa a duniya na iya shiga, don suna son masu tallafi su ga ƙoƙarinsu. Malama ba ta sani ba sai yanzu, da wata ƙungiyar lafiya ta ce za ta karɓi manhajar ta ci gaba da ita, ta zauna tana bin tarihin ɗaya bayan ɗaya don ta miƙa abu mai tsabta. Ta ga wani fayil mai nauyi da ba ta san da shi ba, ta danna, ta ji ni ina kiran sunan ɗana.

Na ce to a goge mana, mi ake jira. Ta ce Mama akwai saura, akwai abin da ya rubuta a gefe ranar da ya zuba, in kin ce kada in karanta ba zan karanta ba. Na ce karanta. Ta karanta. Ya rubuta, ɗanyar muryar matar yayana, wadda ta kashe shi, ga ta tana wa'azi.

Ban yi kuka ba. Na ce ta ɗora mini yatsa a wurin, na bi haruffan da kaina. Duk sauran bayanansa da Turanci ne, sama da ƙasa, wannan kaɗai ya zauna ya rubuta da Hausa, shi ya sa na iya karantawa. Sunansa na sama, ranar na gefe. Ranar da ya tashi daga ɗakina yana ce mini Allah ya saka Yaya, kin ceci rayuka, na ƙulla masa kifi har da kan kifin rago-rago da yake so.

Daga nan ɗakin da yake haya na nufa. Malama ta riga ta yi masa magana, don yana ganina ya zube ƙasa. Ya ce kuskure ne, wasa ne, wurin nan ba wanda ke karantawa, su masu aikin kamar da kansu suke magana a can. Na ce to madalla, da kanka kake magana, wato abin da ke cikinka ke nan. Ya ce ransa ne ya ɓaci ranar, ya zauna yana sauraron yadda na tuɓe ɗan'uwansa tsirara alhali yana kabari. Na ce wa ya riƙa raka shi asibiti ina gida ina daka masa fura? Ya sunkuyar da kai. Na ce wa ya ga cikina yana girma, ya san abin da ke jikin yayansa, ya ci tuwona ya wanke hannu bai ce uffan ba? Sai ya ce Yaya, mamaci ba ya iya kare kansa. Na ce jaririna fa, shi ya kare kansa? Sai matarsa ta leƙo da kofin ruwa tana ce mini sannu da zuwa Yaya, ba ta san mi ake ciki ba, na karɓa na ajiye na fita.

Da na koma wajen Malama na ji sauran. Ƙungiyar da za ta karɓi manhajar ta ɗauki Bashiru aiki, har ta ba shi takardar kama aiki. Kuma kun san aikin? Shi zai riƙe bayanan marasa lafiya. Sunayensu, garuruwansu, ciwon da ke jikinsu. Shi ya sa yanzu ba wanda ya kai shi son a goge, ya fi ni so, safe da yamma yana kiran Malama yana cewa a yi sauri kafin a miƙa. Mutumin da ya bar muryata a bakin hanya duk wannan lokaci bai damu ba, yau shi ke rawar jiki.

Malama ta rufe ƙofar rumbun tun ranar da ta gani, na waje ba ya shiga yanzu. Na ce kafin a rufe fa, wani ya kwasa? Ta ce ba ta zaci wani ya kula da ɗan aikinsu ba, amma ba za ta rantse mini ba. Na ji daɗi da ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce akwai gogewa ta gaskiya, amma ba kamar ta waya ba ce. Kamar tabarma ce da ruɓaɓɓiyar kaba ta shiga tun farkon saƙa, ba a zare ta ta tsakiya, sai an warware har zuwa wurin, a cire, a sake saƙa duk abin da ya biyo baya. Bayan nan kowa sai ya zubar da tsohon rumbun da ke kwamfutarsa ya ɗauki sabon, don in mutum ɗaya ya riƙe tsohon ya zubo daga cikinsa, abin ya dawo kamar ba a yi komai ba. Har masu wurin da rumbun ke zaune a intanet sai ta rubuta musu su share ɓurɓushin da ya rage a wajensu. Ɗaliban duk sun yarda, ta ce musu wani fayil ne ya shiga bisa kuskure, ba ta faɗi na wa ba. Saura laftop ɗin Bashiru, shi kuma ya ce a gabana zai share, in tsaya in gani. In an gama, babu murya, babu rubutun, babu sunansa a kai, babu ranar. Ta ce Mama, ko ni ba zan iya nuna wa kowa cewa an taɓa yi ba.

Nan ne na dakatar da ita. Na ce a cire muryar a bar rubutunsa da sunansa. Ta ce ana iya yi, amma Mama sake karantawa, matar yayana ya ce, yayyensa nawa? Kuma manhajar kowa ya san ta su wa ce. Rubutun kaɗai ya isa ya tuɓe ni ko babu murya. Na ce ki ɗauki hoto da waya. Ta ce hoto zai ce haɗa shi aka yi, ƙungiyar sai ta ga tarihin da idonta, sai ta tambayi muryar wa, sai an zauna a kai, an kira ni, kuma cikin ma'aikatansu akwai 'yan Gwandu. Na ce to a goge na kowa, ke ki ajiye mini kwafi ɗaya a ɓoye har ranar da zan buƙata. Nan ta ƙi. Ta ce in na ajiye ban goge ba ke nan, laftop ana sacewa, ni ma ana iya wayar gari babu ni, wanda ya gaji kayana ya buɗe. Ta ce ba za ta ce mini ta share alhali ta ɓoye ba, wanda ya yi mini haka sau ɗaya ya isa. Na ji haushinta, amma gaskiya ta faɗa. Na ce ki gaya musu da baki kawai cewa ba mutumin kirki ba ne. Ta ce za ta iya, amma sun riga sun ba shi takarda, ba za su janye don maganar baki ba, za su ce ta kawo hujja, hujjar kuwa ni ce.

Saboda haka ta ajiye mini abu biyu. Ko ta goge ta miƙa musu aiki mai tsabta, ko ta ɗauki tarihin yadda yake ta kai musu da izinina, ta tsaya shaida. Ta ce muryarki ce Mama, ba tawa ba, ba tasa ba, abin da kika ce shi za a yi. Juma'a mai zuwa za a miƙa aikin.

Bari in gaya muku abin da nake so, ba zan yi muku kara ba. So nake a kai. So nake a zaunar da shi gaban manyan da yake yi wa fadanci, a ɗora masa yatsa a kan rubutun nan yadda aka ɗora mini, a ce karanta da ƙarfi. So nake a karɓe takardar. So nake duk inda ya kai neman aiki labarin ya riga shi isa, ya dawo Gwandu a ƙasa da laftop ɗinsa a hammata, ya wuce ta gaban kaskona da yunwa, ya ji ƙamshi, ya kasa tsayawa. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, ban sani ba ko malamai sun yarda, ni dai zuciyata ta yarda. Yayansa ya cuce ni ya mutu bai ji komai ba, ina jinyarsa ina wanke masa kashi har ya cika, ban samu na rama ba. Wannan yana raye. Kuma kada wani ya ce mini son zuciya ne kawai, ku tuna sirrin matan da za a damƙa masa, irina, waɗanda ke tsallake asibitin garinsu su je wani gari don kada a gan su. Wanda ya yi wa matar da ta raine shi haka, mi zai yi wa wadda bai sani ba?

In da ni kaɗai ce da tuni na ce a kai. Masu sayen kifi su gudu, su gudu, na taɓa kwana da yunwa ban mutu ba. Amma an sa ranar Zulai, bayan an cire albasa. Wani malamin firamare ne ɗan Kambaza, ita ta kawo shi da kanta, yaro mai kunya, in ya zo gaishe ni ba ya iya haɗa ido da ni. Sun je an auna su kamar yadda ake yi yanzu kafin aure, duka lafiya lau. Amma ku kun san mutanenmu, ba takardar awo ake aura ba, gida ake aura. Uwar yaron irin matan nan ce da sai da ta aiko aka bincika kakannin kakanninmu, ko akwai kuturta, ko akwai tabin hankali. Ranar da ta ji ɗiyar mai ƙanjamau ce, ko likitocin duniya za su taru su rantse, an gama. Kuma Zulai za ta ji a bakin tasha abin da na ɓoye mata tun tana goye da 'yar tsana, ta ji wane ne ubanta, wanda har yau hotonsa ne a fuskar wayarta.

Bashiru ya san haka. Shekaranjiya ya zo da atamfa da kwalin lemo, ban bar shi ya wuce zaure ba. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in dube shi da idon rahama, matarsa na da ciki, aikin nan shi ne na farko da ya samu. Na ce ɗauki kayanka. Da ya ga ba sauƙi sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce Yaya, ki tuna ni ma rumbun na cikin laftop ɗina, ni ban ce zan yi komai ba, amma wanda aka kora daga aiki ba ya sanin inda ya yar da kayansa, mutanen Kambaza kuwa ba su da haƙuri da irin wagga magana. Na ce maigida ƙarami ya girma. Ya ce ke kika koya mini kada in bari a taka ni. Wallahi da man suya na kusa da hannuna da yanzu daga gidan yari nake rubuto muku. Kafin ya faɗi wannan, akwai ɗan lungu a zuciyata da ke cewa ƙila da gaske ɓacin rai ne na rana ɗaya. Ya rufe lungun da bakinsa.

Ko a gogewar ma ban natsu ba. Zai share a gabana, to. Ni da sai an ɗora mini yatsa nake ganin rubutu, ta ina zan san bai juye wani wuri ba? Malama ta ce za ta duba laftop ɗin da kanta, amma abin da ya kai wani wuri ita ma ba ta da ido a kai. Abin da kawai zai riƙe shi, muryar da laifinsa a ƙulle suke wuri ɗaya, in ya fitar da ni ya fitar da kansa. Wato zamana lafiya ya rataya ne a kan shi ma ya zauna lafiya, ya samu aikinsa, ya yi ƙiba, ya sayi mota.

Ga na ƙarshen. A dangin uban Zulai babu sauran namiji sai shi. Shi ne waliyyinta. Shi zai zauna a masallaci ya ba da ita. Yarinyar nan ba ta da magana sai Baffa Bashiru, jiya ta kawo mini hoton shadda kala biyu a waya ta ce Inna wacce za ta fi yi wa Baffa kyau ran ɗaurin aure, fara ko ruwan toka. Na ce fara. Ta ce ni ma ita na zaɓa, ta fita tana murna. In na ce a kai, ko bai tura komai Kambaza ba, sai an tambayi mi ya raba ni da ƙanen mijina ana gab da biki, kuma amsar ita ce abin da nake ɓoyewa. In na ce a goge, zai sa farar shadda ya zauna sahun gaba, a yi ta shi masa albarka ana cewa ga mai riƙon zumunci, ga wanda ya riƙe marainiyar ɗan'uwansa, ni kuma ina cikin gida ina kwasar tuwon baƙinsa, babu ko ƙwayar harafi a hannuna da zan nuna cewa ya taɓa rubuta abin da ya rubuta. In na faɗa nan gaba, a ce tsufa ya fara taɓa ta.

To jama'a ga ni. Masu aikin kwamfuta da ke gidan nan, ku dubi Allah ku gaya mini, akwai hanyar da za a cire ni a bar shi, wadda Malama ba ta hango ba? Akwai yadda zan ƙona shi wutar ba ta kama zanen ɗiyata ba? Iyaye mata kuma, ku da kuka aurar, in ku ne, za ku ce a goge ku haɗiye, ko za ku ce a kai kowa ya ji a jikinsa? Juma'a Malama na jiran kalma ɗaya daga bakina. Na san da yawanku za ku ce in goge in bar wa Allah, kuma ƙila shi zan yi, don yarinyar ba ta ci ba ba ta sha ba. Amma duk wanda zai ce haka, ya haɗa da gaya mini yadda zan yi da kaina ranar, lokacin da lasifikar masallaci za ta kawo mini muryarsa har cikin gida yana cewa na ba da ita.